Wai Makaranta Ba Dandali Ba Ce? Ku Matso Kusa, Mutanen Karaduwa

Ni ba Banufe ba ne balle a ce na gaji tsokanar Katsinawa, amma yau sai kun yi haƙuri da ni, musamman ku na Funtua da Bakori da Ɗanja da Malumfashi da Ƙafur. Magana ce ta taso kan malaman firamare da ke son koyar da lissafi da kimiyya ta hanyar waƙe da wasan kwaikwayo da zane, kuma tun kafin a rufe baki na ji an fara tsaki a majalisa. Wani ya ce shi boko ya kai ɗansa ba gidan rawa ba. Wani ya ce wannan sabon salon lalaci ne, malami ya gaji da rubutu a allo ya ɓullo da dabarar hutawa. Wani kuwa, wanda ya fi kowa tsawon carbi, ya ce abin Turawa ne, kuma ya san inda za a ƙare. To, madalla. Ku gyara zama, ɗaya bayan ɗaya zan bi ku.

Alhaji, da kai zan fara, tunda kai ka fi ɗaga murya. Ka ce da kai aka buɗe makarantun UPE a 1976, kuma zamaninku karatu ake yi na gaske, da bulala da komai. Na yarda. Yanzu don Allah kawo mini darasi ɗaya cikakke wanda malamin kimiyya ya rubuta muku a allo kuka kwafa a littafi. Ɗaya tak. Ka ga ka fara sosa ƙeya. Amma da zan ɗauko waƙar Shata in fara, kafin in kai tsakiyar baiti ka karɓe, har da amshi, har da wurin da kalangu ke shigowa, har ka gyara mini inda na yi kuskure. Wa ya doke ka a kan wannan haddar? Wace jarrabawa aka yi maka? Mutumin nan naku ne, an haife shi a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori, ya yi gida a Funtua, kuma mahaifinsa ma irin ra'ayinka gare shi, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya rasu a 1999, ga shi har yau sunayen garuruwa da na mutanen da ba ka taɓa gani ba suna zaune daram a kanka saboda shi ya rera su. Kan da ya riƙe wannan duka shi ne dai kan da ya zubar da darasin kimiyya tun kafin a yi hutun ƙarshen shekara. Kan naka lafiya lau yake, Alhaji. Hanyar da aka bi aka zuba kayan ce ta bambanta.

Allah gafarta Malam, na ga kana murmushi kana cewa ai ka faɗa, ga shi an fara da kalangu. To, a ajiye kalangu, ba zan ja da kai a kan kiɗa ba, wannan fage ne na malamai kuma ni ba na cikinsu. Mu koma tsangayarka. Yaro ɗan shekara biyar da aka kawo maka, yaya kake fara masa babbaƙu? Alu, ambaƙi, wau, zal, da murya mai hawa da sauka, yana kaɗa kai, sauran yara suna tayawa. Haruffan ma kun ba su sunaye na siffa don yaro ya gan su a ido, wannan ba-guje, wancan mim-jaye, ga ɗamisa-hannu can. Ranar sauka kuma wa ke zama da tawada kala-kala ya yi wa allo zayyana, ya ja layuka masu ratsa juna, ya raba fili gida-gida daidai wa daida ba tare da ma'auni ba? Duk wanda ya iya zayyanar allo ya riga ya san rabin abin da ake koya wa 'yan sakandare a darasin siffofi da kusurwoyi, sai dai ba wanda ya gaya masa. Kuma kai ka fi ni sanin yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da mutanensa suka isar da wa'azi ga waɗanda ba su jin Larabci, da waƙe suka yi, cikin Fulatanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, jajis suna zuwa daga ƙauyuka su haddace waƙoƙinta su koma su koya wa mata. Imfiraji na Aliyu Namangi kuwa ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. In koyarwa da waƙe abin Turawa ne, to sun makara da zuwa, sun tarar ana yi.

Su Turawan ma da suka zo, a nan ƙasarku suka gwada abin suka ga yana ci. Dattawan da suka ga zamanin majigi za su ba ku labarin Baban Larai, fim ɗin da aka yi a shekarun 1950 a Daudawa, ta wajen Faskari, don koya wa manoma gyaran noman auduga. An san da malaman gona, an san da takardu, amma da aka tashi son magana ta shiga, sai aka sa ta a bakin mutum mai iyali da gona da matsalarsa, aka kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha, gari ya fito. Kakanninku ba su ce wannan wasa ne ba, zama suka yi suka kalla, kuma audugar da ta cika injinan gurza na Funtua daga gonakinsu ta fito. A ɓangaren makaranta kuma, Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya tafi Zariya, kuma Magana Jari Ce da kuke ta yabo kuna cewa yaran yanzu ba su san daɗinta ba, ai don 'yan makaranta aka rubuta ta, labari ne aka sa ya ja karatu. Wasan Marafa na Abubakar Tunau darasin tsabta ne da kiwon lafiya aka mayar wasan kwaikwayo. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makaranta, wasanni yake rubuta wa ɗalibansa su yi. Ko shi ma malalacin malami ne, Alhaji?

Amma abin da na fi so ku ji shi ne na Maska, don wannan a tsakar gidanku aka yi. A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Taki ya shigo, sabon iri ya shigo, masara ta fara ture dawa a gonaki, kuma tare da su rigingimu suka shigo na wa ya samu, wa ya rasa. A daidai wannan lokaci sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, inda su Michael Etherton da Brian Crow ke koyarwa, ya fara fitar da ɗalibai daga ɗakin karatu zuwa ƙauyuka. A 1977 suka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, bayan shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. A 1979 suka zo Maska, lokacin Funtua tana cikin Jihar Kaduna. Yadda suke yi shi ne su zauna da mutanen gari su saurari abin da ke damunsu, su koma su ƙulla wasa da Hausa a kan abin da suka ji, su yi shi a fili, sannan a zauna a tattauna. Salihu Bappa, wanda yana cikin masu aikin, ya rubuta bayaninsa aka buga a 1981, kuma har yau masu nazarin wasan kwaikwayo na wayar da kai a Afirka suna ambaton Maska tare da aikin Laedza Batanani na Botsuwana da na Kamiriithu na su Ngugi wa Thiong'o a Kenya. Ana karanta sunan garinku a jami'o'in ƙetare a kan abin da kuke cewa ba a san shi ba a nan. Wani darasi kuma da su malaman jami'ar suka ɗauka daga waɗannan fitowa shi ne, wasan da aka kawo wa mutane a shirye bai kai wanda su da kansu suka shiga suka ƙulla ba. Wannan shi ne ya shafi ɗan firamare kai tsaye.

Bari in nuna muku yadda abin yake a aji, don na lura da yawanku in an ce wasan kwaikwayo sai ku hango fim ɗin soyayya da rawa a gindin bishiya. A ce 'yan aji biyar ne, darasin ninkawa da ɗebewa. Malam ya ture bencina gefe ya ce yau nan kasuwar hatsi ce ta Ɗandume. Yaro ɗaya manomi, ya noma masara buhu 10, jakunkunan littattafai su ne buhunan. Ɗaya dillali, ɗaya ɗan dako, ɗaya direba, wata yarinya mai shagon taki da ke bin manomi bashi. Sauran 'yan aji kowa da takarda, su ne akawu. Kafin a ɗaga buhu ko ɗaya sai wani ya tuna da zakka, noman damina ɗaya cikin goma, saura 9. Malam ya yanka farashi na misali, buhu naira 40,000. Dillali ya fara zuba, yana ɗaga hula yana rantsuwa kasuwa ta faɗi tun safe, aji ya fashe da dariya domin kowa ya san wanda yake kwaikwayo. An sallama, kuɗi naira 360,000. Dillali ya cire la'adarsa 500 a kowane buhu, ɗan dako 300, direba 1,500, su ma a kowane buhu. Nan mai taki ta tare ƙofa ta ce buhu uku ta ba shi a kan 45,000 kowanne, kuma ba ya fita sai ya biya. Sai Malam ya tsayar da wasa ya ce, akawu, nawa manomi zai kai gida? Mai 204,300 ya ci. Wanda ya samu wani abu dabam sai ya zo gaban aji ya nuna inda kuɗin suka ɓace, kuma manomin ba zai bar shi ya zauna ba sai an gano su, domin yanzu kuɗinsa ne.

Duba abin da ya shiga cikin minti 40 ɗin nan: ninkawa, tarawa, ɗebewa, kashi ɗaya cikin goma, hukuncin zakka, da iya tsayawa gaban mutane a yi magana. In Malam ya so, gobe ya ce gonar ta rani ce da injin ban ruwa, zakka ta koma ɗaya cikin ashirin, a sake lissafi. Alhaji, kai da kake da shago a bakin kasuwa, tsakaninka da Allah, wanne ka fi so ya tsare maka shago, wannan yaron ko wanda ya iya rera tu-tayims-tu har ƙarshe amma in ka ce ya ba da canjin dubu biyar sai ya kira ka a waya?

Na kawo tu-tayims-tu da gangan, domin a nan ne kuke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Waƙa tana iya zama hanyar rufe jahilci. Akwai aji da yawa da za ka wuce ka ji yara suna rera abu da Turanci da ƙarfi har bango na amsawa, ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi ma'anar abin da ya faɗa, ya zuba maka ido. Wannan aku ne, ko da kuwa na Magana Jari Ce ya fi shi, don shi yana sanin abin da yake faɗa. Haka kuma akwai malamin da zai ce yara su yi zane, ya fita bakin taga yana danna waya har a buga ƙararrawa. Irin wannan ku kore shi da bakinku, ina bayanku. Ma'aunin abin ɗaya ne: bayan an gama waƙar ko wasan, a ba yaro tambayar da bai taɓa gani ba, shi kaɗai, da fensir. In ya amsa, hanya ta yi. In bai amsa ba, an yi nishaɗi kawai, kuma nishaɗi akwai shi kyauta a dandali.

Hajiya, na ji taki tambayar, kuma ta fi ta mazan nauyi. Kin ce a WAEC da NECO ba a tambayar kowa ya yi wasan dillali. Gaskiya ne. Amma ana ba da tambayoyin lissafi cikin labari, wane ya sayi kaza ya sayar kaza, nawa ya ci riba, kuma a nan ne yaranmu ke zubewa, domin sun haddace ƙa'ida ba su taɓa ganin inda take aiki ba. Kuma ke ce fa kika koya wa 'yarki ƙirga da waƙar gaɗa, kika koya mata ladabi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kika bar ta ta yi wa 'yartsana biki da ɗaki da jere, ba ki taɓa cewa tana ɓata lokaci ba. Da azumi ya kai kwana goma, ɗanki ya shafa farar ƙasa ya ɗaura gemun auduga ya fita tashe, ko ya yi Jatau mai magani yana jero sunayen saiwoyi da ɓawon itatuwa, har sadaka kike ba su. Yaron da ya shirya wannan da abokansa, ba malami ba littafi, ya raba wa kowa matsayinsa, ya haddace maganarsa, shi ne ake kaiwa aji a ce ya naɗe hannu ya yi shiru awa biyar, sannan a rubuto miki a kati cewa ba ya ganewa.

Saura malamin aji, wanda tun ɗazu yake harara ta yana cewa mai rubutun nan bai taɓa tsayawa gaban yara ɗari ba, ga rufi na yoyo, ga alli sai an yi karo-karo. Malam, kukanka gaskiya ne, kuma ba waƙar da za ta gyara rufi ko ta ƙara albashi. Wannan na gwamnati ne, a ci gaba da matsa mata. Amma kada ka ce mini kayan aiki ne babu. Daga kaka zuwa bazara kara yana zube ko'ina, kuma yaran nan suna ƙera motar kara mai taya huɗu da ƙofa mai buɗewa tun kafin su iya rubuta sunansu. Laka kuwa, ku da kuke Katsina Laka ba sai an aiko muku ba. Ga gawayi, ga bayan kwalin taliya, ga filin makaranta. Yawan yara ma a wani darasin riba ne. Fitar da su waje, ka ba su igiya mai ƙulli, kowane yaro ƙwayar masara ce, tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin shuka da shuka 25. Su auna ɗan fili su ƙirga shuka nawa ya ɗauka, sannan su lissafa na kadada ɗaya mai murabba'in mita 10,000, su ga yadda ake samun tushe sama da 53,000. Ranar nan wani zai koma gida ya tsaya a gonar ubansa yana auna tazara da idonsa, kuma za a yi gardama a kan tuwon dare.

Zane kuwa, a ƙasar noma ya wuce ado. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ta yi ɓarna ne tun da fari saboda mutane ba su san kamanninta ba sai ta gama aiki. Ka sa yaro ya kawo ganyen da ta ci, ya ajiye a gabansa ya zana shi yadda yake, da hujojin da ɗan garin da take bari a kai. Kafin ya gama zanen ya kalli ganyen nan fiye da yadda ya taɓa kallon wani abu a rayuwarsa, kuma daga ranar in ya gan shi a gona daga nesa zai gane. Haka za a tumɓuke waken suya a zana ƙululun da ke jikin saiwarsa, daga nan a shiga bayanin dalilin da ya sa masarar da ta biyo bayansa take yin kyau. Haka za a zana wuta-wuta manne da saiwar dawa. A Malumfashi, inda likitoci suka yi shekaru a cikin 1970 suna binciken tsargiya da sauran cututtukan yankin, yara za su iya zana hanyar da cutar ke bi daga fitsari zuwa ruwan dam, zuwa dodon koɗi, ta dawo jikin mai wanka, su kuma yi wasan a gaban taron iyaye. Allah gafarta Malam, ka lura duk cikin nan ban ce a zana mutum ba, ganye ne da saiwa da taswirar gari, don kada ka ce na bi ta bayan gida.

To, ga abin da nake roƙo, kuma bai kai kuɗin buhun taki ba. A taron iyaye da malamai na gaba, ku masu tsakin nan ku je da kanku, kada ku aika. Ku ce wa hedimasta ya ba malami ɗaya mai himma darasi ɗaya a mako, zango ɗaya, ya gwada wannan hanya da aji ɗaya. Ƙarshen zango kada ku yarda da rahoton kowa. Alhaji ya zo da lissafin buhunan da ya sayar a makon, Hajiya ta zo da na adashi, ku ba yaran ajin nan da na ajin da ke kusa da su, ku zauna a wurin har su gama. In ba ku ga bambanci ba, a mayar da bencina yadda suke, ni kuma ku aiko mini da tsakin a rubuce, zan karanta shi duka.